Yadda Na Ci Gardamar Burtu

Gaskiyar magana, ba son tsuntsu ne ya fara kai ni daji ba, zaman banza ne. Shekara da shekaru ina aikin malamin gona, kuma a wannan aiki tsuntsu ɓarawo ne kawai. Abin da na sani game da shi bai wuce yadda ake kaɗa gwangwani a kore shi daga gero ba. Da na ajiye aiki na dawo gida Birnin Kudu, sai na wayi gari ina tambayar mai ɗakina dalilin da ya sa take yanka albasa a tsaye. Ta haƙura wata biyu, sannan ta ce in ban samo wa kaina abin yi ba, ita za ta samo min, kuma ba zan ji daɗinsa ba. Na shiga Kano na dawo da wata tsohuwar kyamara mai dogon baki kamar taɓarya.

Gidanmu gidan malamai ne. Yayana shi ya gaji mahaifinmu, shi ke riƙe da makarantar allo da ta Islamiyya, ni kuwa boko ta ɗauke ni tun ina ƙarami, har yau kallon ɓataccen rago ake min a dangi. Kullum bayan la'asar dattawan unguwa na taruwa a zaurensa, kuma tun ranar da aka gan ni da kyamara aka samu abin taɓawa. Yaya mutum ne mai ilimi, ban hana shi ba, amma Allah ya ba shi harshe. Yakan karɓi kyamarar da yatsu biyu, ya gyara tabarau, ya duba abin da na ɗauko.

"Wannan fa?"

"Cilakowa ce, Yaya."

"Ni reshe nake gani."

"Ta tashi ne."

"Allah sarki. To mu ma da muke zaune a nan duk mun ɗauki hoton cilakowar da ta tashi."

Haka muke har wata Juma'a a ƙarshen bazara, ana hirar wani ɗan siyasa da ya yi shigar burtu ya shiga jam'iyyar da ya gama zagi. Sai Yaya ya ce abin tausayi, burtun kansa ya ƙare a ƙasar nan, sunansa kawai ya rage a bakin mutane. Ni kuma shaiɗan ya zuga ni, na ce ina! Akwai burtu a dajin Gwaram. Wallahi ban taɓa ganinsa da idona ba, ko a mafarki. Amma na riga na faɗa a gaban mutum goma, kuma Yaya ya yi wannan murmushin nasa da ke sa jinina ya hau.

Nan take aka ƙulla. In na kawo hoton burtu mai rai kafin a yanke gero, Yaya zai faɗa da bakinsa a zauren nan cewa na fi shi gaskiya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. In na kasa, zan rataye kyamara in karɓi ajin ƙananan yara a Islamiyya, masu majina da kuka. Ya ƙara da cewa kada in kawo masa irin hoton da yaran zamani ke haɗawa a waya, wanda ake ɗora kan akuya a wuyan mutum. Na ce ya zuba ido.

Na hau babur na fara yawo. A Maruta kowa kakansa ya taɓa ganin burtu. A Kwandiko suka ɗauka gwamnati ce ta turo ni duba tsuntsun jan-baki, suka zaunar da ni a tabarma, suka kawo fura, suka jera min koke-koken taki da na rijiya. Na sha furar tukuna kafin na gaya musu gaskiya, don ni ba wawa ba ne. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ce ta ce in daina wahalar da kaina, in nufi bayan Dingaya da sassafe, inda gonaki suka ƙare.

Ruwan farko ya sauka a makon, ƙasa na ƙamshi. Na yi sallar asuba a Gwaram, rana ba ta gama fitowa ba na ajiye babur a gindin wata tsamiya na shiga saura da ƙafa. Ban yi nisa ba na hango shi. Wani baƙin kai mai ƙaton baki yana leƙowa ta saman sabara, ya sunkuya ya caki ƙasa, ya ɗago ya duba hagu da dama. Na zube rub da ciki a kan ƙarangiya, ban ma ji zafinta ba, na shiga danna kyamara ba ƙaƙƙautawa. Har littafi na zaro ina rubuta halayensa: yana tafiya a hankali, yana yawan tsayawa, ba ya son fita fili. A raina ina ta shirya irin zaman da zan yi a zaure da yadda zan miƙa wa Yaya kyamarar ba tare da na ce uffan ba.

Sai burtu ya yi tari.

Ya sake yin tari, sannan ya ce, "Salamu alaikum. Don Allah bawan Allah, in bindiga ce a hannunka, ni mutum ne."

Ya miƙe tsaye. Wani tsoho ne siriri, ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane a baya, ga bindigar adaka a hannunsa. Zabin daji yake lallaɓawa tun duku-duku, ni kuma ƙarar kyamarata ta kore su. Ya ce ya fi rabin sa'a yana hango ni ina auna shi da wannan bututun, yana kalmar shahada a cikin ciyawa, yana cakar ƙasa don kada in gane ya tsorata. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na amsa sallama ina cire ƙarangiya daga gemu.

Da ya tambayi daga inda nake na faɗi gidanmu, sai tsohon nan ya ajiye bindiga ya durƙusa. Ashe yana saurayi ya yi shekara biyu a gaban mahaifinmu, kuma Malam ne ya raɗa wa ɗansa na fari suna. Na yi na yi ya tashi, ya ƙi, sai da ya gama jero gaisuwa har ta jikoki. Daga ranar yake ce min Malam Ƙarami, ni da ko izu biyar ban riƙe ba, ni kuma nake ce masa Baba.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya dube ni, sannan ya ce in dawo jibi, kada in sa fararen kaya, kada in shafa turare.

Jibin ya kai ni can ƙurya, inda wata tsohuwar kuka take tsaye ita kaɗai a bakin kwari. Muka zauna nesa a bayan suri. Gari na fara haske na ji wani sauti daga ƙasa, gum, gum-gum, mai kauri, kai ka ce ana buga turmi a cikin rami. Wani ya amsa daga cikin kukar, nasa ya ɗan fi siranta. Baba ya taɓa gwiwata ya ce, "Mutanena ke nan. Suna gaisawa." Ya ce shekaru da yawa yana tare da su a dajin nan, bai san wasu ba bayan su, kuma bai taɓa ɗaga musu bindiga ba. Kan da yake ɗaurawa ma na kakansa ne.

Can sai ga shi ya fito. Jama'a, burtu tsuntsu ne! Baƙi wuluk, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, maƙogwaronsa ja da shuɗi, yana taku ɗaya-ɗaya kamar attajirin da ya fito duba gonarsa. Ba ya gaggawa, ba ya tashi sama sai dole. Ya tsinci fara, ya fizgo ƙadangare daga gindin kalgo ya buga shi da ƙasa, amma bai haɗiye ba. Ya jera su a baki, ya taka har gindin kukar, ya yi tsalle ɗaya zuwa bakin kogo. Wani kai ya leƙo, maƙogwaronsa shuɗi zalla, ya karɓa. Matar ce, tana kwance a kan ƙwai, ba ta fita, shi ke ciyar da ita safe da yamma. Da na ba mai ɗakina labari ta ce in ci gaba da zuwa, wataƙila in koyo wani abu.

Na ga burtu, amma gani daban, hoto daban. Tsuntsun nan yana da ido kamar na uwar miji. Muddin na matso kusa da tsawon gona guda, sai ya juya min ƙeya ya taka ya ƙara gaba, ba gudu ba tashin hankali, raini dai tsagwaronsa. Abin da kyamarata ke kamowa wani baƙin ɗigo ne a tsakiyar ciyawa. Na yi kuskuren nuna wa Yaya ɗaya. Ya juya kyamarar sama da ƙasa, ya miƙa wa liman, ya ce, "Malam, duba min, wannan ba baƙar leda ba ce?" Zaure ya kwashe da dariya, har da mai shayin da ya shigo karɓar kofi.

Baba ya ce abin mai sauƙi ne. Mu haƙa rami a gindin kukar in shiga a rufe ni da ganye, tunda dole namijin ya zo nan da abinci. Na ƙi. Na yi masa dogon bayani irin namu na 'yan boko, cewa in aka takura wa tsuntsu a bakin sheƙarsa macen na iya barin ƙwan ta gudu. Ya ce, "Haka ne, Malam Ƙarami." Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, na koma gida ina jin ni mutumin kirki ne.

Sai na kawo tawa dabarar: ya ara min kan burtun. Ya ɗaura min a goshi, ya yafa min baƙin zanen, ya koya min yadda ake sunkuyo da yadda ake caka. Ku auna mutum mai tumbi, mai ciwon gwiwa, yana rarrafe a saura da kyamara na lilo a wuyansa. Na yi taku kamar ashirin bayana ya riƙe. Burtun gaskiya ya tsaya cak, ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, ya sake dubana da ɗayan, sannan ya yi kashi ya wuce. Wasu matan Fulani da suka biyo hanya da ƙoren nono suka tsaya suna kallo, ɗaya ta sauke ƙwaryarta ƙasa don kada dariya ta sa ta yi ɓari. Kafin azahar labari ya gama Dingaya.

Abin da ban sani ba shi ne, ba ni kaɗai ake yi wa dariyar ba. A bakin masallaci ana tsokanar Baba, ana cewa wane irin maharbi ne wannan, ɗan malaminsa ya zo neman tsuntsu guda ɗaya tak, ya bar shi yana jan ciki a ƙaya mako da makonni. Bai taɓa gaya min ba. Kullum dai in na zo zan tarar matarsa ta dama fura, shi kuma ya share min wurin zama.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, ni ko hoto ɗaya na kirki babu. Ran nan muna zaune a gindin tsamiya, na gaji, ƙafata ta kumbura, sai na buɗe baki na yi ta zuba. Na ce Yaya ya riga ya sa an share ajin yaran, har ya aiko min da bulala wai kyauta. Na ce shekara hamsin da ɗoriya mutumin nan yana mayar da ni abin dariya. Na ce ko na samu hoton ma cewa zai yi haɗi ne, shi ba ya yarda da komai sai abin da ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa. Ni dai huce haushi nake yi, irin wanda mutum ke yi in ya samu mai sauraro. Baba ya bari sai da na gama. Sannan ya tambaye ni wace rana ce zauren Malam Babba, wato Yaya, ya fi cika. Na ce Juma'a bayan la'asar. Na ɗauka ziyara yake son kawowa, har na ji daɗi.

Juma'ar kuwa sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, ya sha wankakkiyar riga da hula, ya rungumo buhu. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida Yaya, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya jawo buhun gaban Yaya ya kwance bakinsa.

Namijin ne. Ya harbe shi da safe a gindin kukar, lokacin da ya kawo abinci, ya kuma yanka shi yadda addini ya ce don kada ya kawo mushe gidan malamai.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "mu a sana'armu, abin da gidan malaminka ke nema a daji ba ka bari a nema sau biyu. Ɗaukowa kake ka kawo zaure. Na yi jinkiri, a yafe min. Ga burtu, a gani da ido, a taɓa da hannu, kada a sake cewa Malam Ƙarami ya yi ƙarya."

Zaure ya rikice. Dattawa suka taso suna salati, wannan ya ja fiffike ya ga fararen gashin da ke ɓoye a ciki, wancan ya auna bakin da tafin hannu. Liman ya ce rabonsa da ganin wannan halitta tun yana yaro. Yaya ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya taɓa gashin idon tsuntsun, dogaye, baƙaƙe, sun fi na amarya. Ya ɗago ya dube ni a gaban kowa ya ce, "To, ka fi ni gaskiya. Akwai burtu." Liman ya tuna masa cewa sharaɗin hoton mai rai ne, ya ce a bar maganar, wanda ya kawo kaya ai ya wuce mai kawo hoto.

Tun ina yaro nake jiran wannan magana daga bakinsa, ga ta ta zo, amma ban ji daɗinta ba. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na so in kama tsohon nan in girgiza shi, in tambaye shi wa ya aike shi. Amma na san wanda ya aike shi, bakina ne. Ga shi durƙushe yana murmushi, ya taso tun daga Dingaya don ya fitar da ni kunya, ya taɓa abin da ya yi shekaru yana karewa saboda darajar mahaifina. A zauren malamai ba a tsawata wa wanda ya kawo kyauta. Yaya ya ɗaga hannu ya yi masa doguwar addu'a, kowa ya shafa, ni ma na ce amin.

"Malam Ƙarami," in ji Baba, "ɗauki hotonka a tsanake. Yanzu ba inda za shi."

Kowa ya juyo yana jira. Na ɗauka. Ba zan yi ƙarya in ce hannuna ya ƙi ba, na ɗauka har sau uku, kuma duk sun fito tar.

Washegari ban jira kowa ba, na yi sammako tun da sauran dare na hau babur. Na ajiye shi a gindin tsamiya na taka zuwa bayan surin da muke zama. Na tarar Baba ya riga ni. Ba bindiga, ba kan burtu, yana zaune ya haɗa gwiwa. Muka gaisa a taƙaice, na zauna gefensa.

Gari ya fara haske. Daga cikin kukar macen ta yi kira, gum-gum. Ta saurara. Ta sake yi. Ta leƙo da kai tana duban hanyar da mijin yake biyowa, ta koma ciki, ta sake leƙowa. Haka ta yi ta yi har rana ta ɗaga. Wajen hantsi yunwa ta fito da ita. Ta sauko ƙasa ta tsinci fara biyu, ta tsaya ta yi kira, ta ƙara gaba ta sake yi, tana nisa da kukar kaɗan-kaɗan har sabara ta rufe ta. Muka zauna har azahar ba ta dawo kan ƙwan ba.

Baba ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba." Can kuma ya ce, "Amma Malam Babba ya yarda dai, ko?"

Na ce, "Ya yarda, Baba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya cire hularsa ya goge fuska da ita.